Rassan da Ke Kan Tafarnuwa

Kwana goma kacal Burul ta yi a Bishkek, wajen 'yarta da ta haihu. Kafin ta bar Karakol sai da ta gama da lambu kaf: ta tone karas ta binne a yashi, ta sare kabeji ta danna a gishiri, ta kwantar da kuringar inabi ta rufe da ƙasa. Abu ɗaya ya rage a fili, fangali huɗu na tafarnuwa, mai jan ɓawon nan da ta gada wajen mahaifiyarta. Shekara talatin da ɗaya tana juya irin, ba ta taɓa sayen na kasuwa ba. Bana kuwa dusar ƙanƙara, wadda ke lulluɓe ƙasa ta kare shuka daga sanyi, ta ƙi sauka, sai busasshen sanyi mai ratsa ƙasa ya kashe abin da ke ciki. Shi ya sa ta yi wa ƙanenta naci har ya sauko mata da rassan itacen karagai mai ganye kamar allura daga dutse, amalanke guda, ta lulluɓe fangalan da hannunta.

Da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta zagaya bayan gida. Fangali uku tsirara, na huɗun ma an tsakure shi. Ta daki ƙasar da dunduniya, ta ji ta kamar daɓe.

A ɗakin girki ta tarar da mijinta Toktosun, malamin zane da ya yi ritaya ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya cika tebur da waya da jan ƙyalle, yana ta naɗa koren reshe kamar gammo.

"Tsohuwa, sannu da hanya. Zo ki ga kayan sabuwar shekara. Bakwai na rabar wa maƙwabta, kowa ya rataye nasa a ƙofa."

"Malam, ina ka samo rassan nan?"

"Bayan gida mana. Na gan su zube a banza, na ce bari in yi amfani da su kafin su bushe."

Zube a banza, wai. Mutum ya shekara arba'in yana zuba tafarnuwa a taliyarsa, bai taɓa tambayar yadda take kwana da sanyi ba. Burul ta ɗauki diga ta koma. Da ƙyar ta ɓalle ƙasa ta ciro ƙwaya ɗaya. Ta yi garai-garai, sanyi ya dafa ta. Ta gwada wani wurin, haka. Ta rasa wanda za ta zaga, shi ko sama.

Ta leƙa layi. Ga bargon tafarnuwarta can a ƙofofin mutane, kowanne da jan ƙyallensa, gwanin kyau, abin da ya ƙara mata haushi ke nan. Kyautar da ta hau ƙofar maƙwabci ba ta saukowa, ko an sauko da ita ma sanyi ya riga ya gama aikinsa. Sai ta tuna da Zuura, maƙwabciyarta ta gefen dama. Da rani ta ba ta manyan kawuna goma. In suna nan, da bazara za a iya tayar da irin.

Ba ta ma kai ga zuwa ba, sai ga Zuura ta yi sallama, rungume da kwalba a cikin tawul. A layin nan ba a karɓar kyauta a yi shiru.

"Yaya Burul, kin sha hanya. Malam ya ƙawata mana ƙofa, na ce ba zan zo hannu rabbana ba." Ta dire kwalbar a tebur, jajir. "Tafarnuwarki ce ma a ciki. Duka goman na niƙa da barkono da tumatir, ko ɗaya ban rage wa kaina ba."

Burul ta yi godiya, ta zuba mata shayi, ta tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Toktosun kuwa tuni ya buɗe kwalbar ya shafa a burodi.

"Gaskiya, tsohuwa, babu tafarnuwa irin taki a garin nan," ya ce da cikakken baki. "Af, saura biyar zan naɗa wa tsofaffin malamai. Rassan da suka rage a baya za su isa."

Burul ta raka Zuura ƙofa, ta dawo ta sauke babbar rigarsa ta fatar tumaki daga ƙusa, wadda ba shi da wata ta fita sai ita. Ta kai ta bayan gida ta shimfiɗa a kan fangali na huɗu, ta danne gefe-gefe da duwatsu. Ya biyo ta da silifa, yana karkarwa.

"Haba, tsohuwa. To da me zan fita rabo?"

"Babu inda za ka," in ji Burul, tana ɗora dutse na ƙarshe a kan hannun rigar. "Sai ranar da dusar ƙanƙara ta sauka."