Ashe Rigar Koriya Ce

Tun yana saurayi Malamin zane yake koyarwa a aji guda, har ya yi ritaya. A bangon ajin, daura da taga, akwai kwafin wani zane da duniya ta sani: mace tsaye a bakin ƙofa, riƙe da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Kowace shekara sai ya tsayar da sababbin ɗalibai a gabansa.

"Ku dubi rigarta," yakan ce. "Ruwan toka ce, ba ado ba ƙyalli. Abin da ya ɗaukaka zanen ke nan. Mai zanen ya hana ido abin kallo don ya tura shi kan fuskarta."

Da 'yarsa ta fari ta samu aikin jinya a birnin da ainihin zanen yake, ta matsa masa sai ya zo. Ranar hutunta ta kai shi gidan adana zane-zane. Suka bi layi, gwiwarsa na damunsa, jama'a kowa ya ɗaga waya sama. A shagon bakin ƙofa ma matar zanen ce a jikin kofuna da jakunkuna, amma bai kula ba, ya ce ba zai ɓata idonsa da na kasuwa ba.

Da suka iso gaban gilashin da zanen yake ciki, sai ya yi turus. Zanen bai fi faranti girma ba. Rigar kuwa koriya ce shar, kamar ganye bayan ruwa.

"Baba, lafiya?"

"Sun yi mata sabon fenti ne?"

"Haka take tun asali. Naka ne rana ta cinye."

Mai gadi ya roƙe su su matsa, na baya na jira. Suka samu benci a ɗaki na gaba. Malam ya cire tabarau ya goge.

"Ke ma a ajina kika zauna," ya ce. "Yaushe kika sani?"

"Tun da na sayi waya. Duk mun sani."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Kana jin daɗin bayanin ne, Baba. Wa zai tare ka?"

Ya yi 'yar dariya, ba don ta yi masa daɗi ba. Ta ce ita dai a ganinta sace zanen da aka taɓa yi, jaridu suka yi ta yayatawa, shi ya tara masa wannan jama'a. Ya ce wataƙila, amma an saci wasu da yawa, an dawo da su, ba wanda ya bi musu layi.

Ya karɓi wayarta ya kira tsohuwar ɗalibarsa da ta gaje shi a ajin. Ya tambaye ta ko kwafin na nan. Ta ce yana nan, ba ta da zuciyar cire shi.

"Ki cire. Zan taho da sabo."

"To, Malam. Me zan ce wa yara ya sa ya shahara?"

"Ki dakata tukuna. Ban gama kallo ba."

Ya miƙa wa 'yarsa wayarta, ya dafa kafaɗarta ya tashi.

"Gwiwarka fa, Baba?"

"Ta yi haƙuri."

Suka koma ƙarshen layi, bayan wasu 'yan makaranta da ke gardama a kan ina yaron mai takalmin ya tafi. Malam ya karkata kunne yana saurarensu.