Abin da Ke Cikin Jakar Bindigar Jandel Singh

Da hantsin ranar Talata motar 'yan sanda ta shigo ƙauyenmu, ta tsaya gindin darbejiyar da maza ke shan shayi. Ni ina ƙofar gida ina tsintar wake. Ƙofar tawa kuwa taku goma ce daga wurin, don haka duk wanda ya ce muku ba haka aka yi ba, ƙarya yake yi.

Sufeto ya fito, wani ɗan siriri mai suna Kushwaha, sabon zuwa a yankinmu. Bai zauna ba, bai karɓi shayi ba.

"Wane ne Jandel Singh?"

Wa zai yi wannan tambaya in ba baƙo ba? Takur Jandel Singh, ɗan gidan manyan masu ƙasa da ake yi wa laƙabin Takur, yana kan gadon igiya, gashin baki a murɗe, jakar bindigarsa ta tamfol a kan cinya. A nan bakin kogin Chambal, dattijon da ba shi da bindiga ko rikicin iyakar gona ba a kiransa ya raba.

"Ga ni, yaro. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Baba, shekaranjiya an yi biki a wani ƙauye wajen Morena. Wani ya yi harbin murna, harsashi ya sami makaɗi a ƙirji. Yana asibiti, ba a san ko zai tashi ba. Mai harbin ya jefar da bindigar a gonar alkama, ya gudu. Aka bi lambar da ke jikinta. Masana'anta ta ce wani shago a Bhind ta tura wa, shagon ya ce kai ya sayar wa, kundin ofishinmu ma sunanka ne a ciki. Ina bindigarka?"

"Ba ka da ido ne? Ga ta."

"To buɗe in ga lambar. In ta yi daidai da lasisinka, kuskurenmu ne, in ba ka haƙuri in tafi."

Ni dai na san abin da mazan nan ba su sani ba. Wata takwas da suka wuce yanar ido ta rufe idanun matarsa Kasturi, likita ya ce sai aiki. Jandel ya hau mota shi kaɗai har Gwalior, inda ba wanda ya san shi, ya sayar da bindigar a wani shago. Komai bisa doka ya yi, ya sanar da ofishin gunduma, aka ba shi takarda da hatimi. Abu ɗaya ya rage, ya kai takardar ofishin 'yan sandanmu a soke sunansa. To mai riƙe da kundin can, Kofur Lakhan, ɗan ƙauyen nan ne, kuma bakinsa ya fi nawa sakewa. Sai Jandel ya ninke takardar ya ɓoye, ya ci gaba da yawo da jaka a kafaɗa. Kasturi ce ta faɗa mini, har ta sa na rantse. Mutum uku kawai na gaya wa, duk mata.

Jandel ya ɗora tafin hannu a kan jakar.

"Ba a buɗe bindigar Takur don wani mai kaki ya ce a buɗe."

Dagacinmu, Sobaran, ya yi dariya. "Haba Kawu, buɗe masa mana! Bari ya ga bindigar maza, ya koma ya ba da labari."

"Buɗe, Takur!" in ji sauran. Su a ganinsu goyon bayansa suke yi.

Na ga gumi ya tsattsafo wa Jandel a goshi. Sufeto ma ya gani.

"Baba, ka saurare ni da kyau. In ba ka buɗe ba, mota za ka shiga. In makaɗin nan ya mutu, laifin kisa ne. Shekarunka nawa?"

"Saba'in da biyu."

"To da ƙyar ka fito da ƙafarka."

Jandel ya dubi dagaci, ya dubi mazan nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙe, ya rataya jakar, ya miƙa hannuwa biyu.

"Mu je."

Ina jin ƙarar ankwa na watsar da waken. Gwiwoyin nan nawa da suke ƙin kai ni rijiya, ranar gudu suka yi. Na sami Kasturi a gidansu tana murza gurasa.

"Tashi, 'yar'uwa, za su tafi da maigidanki! Ina takardar nan?"

Ba ta tsaya tambaya ba. Ta zura hannu ƙasan randar alkama ta ciro ta, ta ja mayafi har haɓa, ta fito. A ƙauyen nan mace ba ta taka gindin darbejiya in maza na zaune. Ta taka. Lokacin har an buɗe masa ƙofar mota.

"Koma gida!" Jandel ya daka mata tsawa.

Ta kira shi da sunan 'yarsu, yadda ta saba. "Ba zan koma ba, Baban Guddi. An buɗe mini ido ne don in ga an ɗaure ka?"

"Na ce ki koma! In kika ba shi takardar nan…"

Ta miƙa wa Sufeto, hannunta duk gari.

Ya karanta. Ya ciro waya ya kira ofishin gunduma. Aka ce ya jira. Ya karanta musu lambar, wayar ta yanke. Ya sake kira, aka ce magatakardan ya fita. Duk wannan Jandel na tsaye da ankwa, idonsa a ƙasa.

"Takardar mece ce wai?" in ji dagaci.

A kira na uku aka sami magatakardan. Sufeto ya saurara, ya rubuta sunan shagon Gwalior a tafin hannunsa, sannan ya ce a cire ankwar.

"Baba, tun ranar da hatimin nan ya hau, ba ruwanka da abin da bindigar nan ta yi. Mai shago zai faɗa mana wanda ya saya. Da ka kawo mana takardar nan, da ban zo ƙofarka ba." Ya rage murya. "Amma dole in ga abin da ke cikin jakar. Shigo mota, mu biyu kawai."

Yaron yana da tarbiyya, ba zan hana shi wannan ba. Sai dai ya makara, kowa ya riga ya ji "wanda ya saya".

Jandel ya sauke jakar, ya kwance igiyar bakinta da kansa, ya zazzage ta a ƙasa gaban kowa. Ƙotar garma ce, an naɗe ta da tsohon rawani don ta yi kauri.

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta. Dagaci ya shiga kallon cikin kofinsa kamar ƙuda ya faɗa. Motar ta juya ta tafi.

Jandel bai ɗauki komai ba. Ya nufi gida, Kasturi na biye da shi, ni kuma ina biye da Kasturi, don kada ta yi tuntuɓe. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Kin kashe ni a gaban maza," ya ce.

"Na ji," in ji Kasturi. "Shiga ciki, gawa, gurasarka tana hucewa."