Rumfar Ledar Tela

Da ido ya fara yi wa Tela gardama wajen zura zare a allura, sai ya bar wa 'yarsa shago, ya nemi fili a lambun unguwa. Lambun wani tsohon kango ne a bayan gidajen haya, an yanka shi kashi-kashi, kowa da ɗan nasa, ƙofa ɗaya, famfo ɗaya. Tela ya yi sa'a, nasa ya faɗo dab da famfon.

Shekarar farko ruwan sama ya kwantar masa da tumatir, ragowar kuma tsuntsaye suka cinye. Bai karaya ba. Ya tsinto tsofaffin bututun roba inda ake rushe wani gida, ya lanƙwasa su kamar baka, ya kafe a ƙasa. Ya roƙi ledar da ake naɗe katifa, ya harhaɗa ta a keken ɗinki, ya yanka mata tagogi ya liƙa tsohon gidan sauro, bakin ƙofa kuma ya sa zif ɗin wata yagaggiyar jaka.

Dogo, tsohon direba, amininsa na shekara talatin, ya zo ya riƙe ƙugu yana dariya.

"Kai Tela! Ka rasa wanda za ka ɗinka wa riga sai tumatir?"

"Su ba sa dawowa su ce hannu ya matse," in ji Tela.

Kafin damina ta raba, dariya ta koma kallo. Tumatir da latas da tattasai suka cika rumfar, ganye shar, ba tabo. Shi Dogo, Tela ne ma ya yi masa hanya ya samu fili, can ƙarshe jikin katanga.

Ana nan sai likita ya ce dole a yi wa Tela aiki a ido biyun, ɗaya bayan ɗaya. Tela ya kira Dogo, ya damƙa masa makullin lambu.

"Da safe ka buɗe tagogin, da yamma ka rufe. Kar ka zuba ruwa a kan ganye, a gindi."

"Haba, je ka gyara idonka. Ka ɗauka kana nan."

Sati bakwai Tela ya yi a ɗaki, labule a sake. Sau ɗaya Dogo ya leƙo, ya ce komai lafiya lau, bai ko zauna ba.

Ranar da aka ba shi izinin fita, Tela ya sa tabarau ya nufi lambu. Daga nesa ya hango rumfarsa tana ƙyalli, zuciyarsa ta yi fari. Yana jan zif sai ya ga mutum a tsugune a ciki, yana cika kwando da tumatir.

"Sannu Baba," in ji mutumin. "Wa kake nema?"

"Wa nake nema? Kai wane ne?"

"Surukin Dogo ne. Nan filina ne, wata guda ke nan."

Tela ya wuce wurin shugaban lambu. Shugaban na ganinsa ya miƙe da sauri, har kujera ta faɗi.

"Ikon Allah! Kana gani? Ai Dogo ya kawo mini makullinka, ya ce ido ya tafi gaba ɗaya, ka ce a ba surukinsa filin da rumfar."

Tela ya bi tsakanin kunyoyi har jikin katanga. Dogo na duƙe yana cire ciyawa, ya ɗago, ya sake sunkuyar da kai.

"Dogo, ni ne na makance?"

"Tela, ka fahimce ni. Aikin ido a shekarunmu, wa ya san ƙarshensa? Yaron nan an sallame shi daga aiki, ga 'yata da goyo."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Da za ka yarda?"

"Da na raba masa filin biyu, na koya masa da hannuna. Ka zo har ɗakina, ka ce komai lafiya."

Dogo ya ci gaba da tsinkar ciyawar da ba ta nan.

Shugaba ya ce zai kira taro a mayar wa Tela da kayansa. Tela ya tuna 'yar Dogo, wadda shi ya ɗinka mata rigar makarantarta ta farko, ya ce a bari. Aka yi masa tayin wani fili, ashe maƙwabcin na Dogo ne. Ya girgiza kai ya fita.

A gida 'yarsa ta tada jijiyar wuya. "Baba, wallahi sai na je na yaga ledar nan!"

"Ba za ki ba. Shukar ba ta yi mana laifi ba."

Bayan shago akwai ɗan lungu mai samun ranar safe. Nan ya jera bokitai tara, ya kafa ƙaramar rumfa. Mutanen lambu suka riƙa sallama da ledarsu a hammata, yana ɗinka musu, suna ba shi labarin lambu ko bai tambaya ba. In hira ta biyo ta kan Dogo, sai ya taka keke da ƙarfi har mai maganar ya yi shiru.

Sun haɗu sau ɗaya a bakin titi. Dogo ya miƙo hannu biyu, yana kiran sunansa. Tela ya amsa sallamar, ya ba shi hannu ɗaya, ya tsallaka.