Rigar Yaron Cikin Hoto

Baba ya sake kawo wayar kusa da hancinsa, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Ƙofar gida duk tsawonta ɗaya ne," ya ce. "Dubi inda kan maigidan ya tsaya. Kafaɗarsa inci goma sha tara ce, ko tantama babu."

'Yarsa na zaune a gefe. Ta cire takalmi tana matsa ƙafarta a kan bencin shagon. Kwana uku ya rage ta tashi zuwa karatu waje. Makarantar ta haɗa ta da gidan da za ta zauna shekara guda, su kuma suka aiko hoto ɗaya: miji da mata a bakin ƙofa, da yaro ɗan shekara takwas a tsakaninsu, mai giɓi.

Mako biyu ta yi tana zagaya kasuwa neman abin da za ta kai musu. Kofuna sun yi nauyi. Turare ba a san hancinsu ba. Abin da ta ɗauka duk, in ta juya gindinsa, sai ta ga daga can wajen aka kawo shi. A ƙarshe Baba ya ce shekara talatin yana kan keken ɗinki, ba za a kai wa masu riƙe masa 'ya kayan kanti ba. Ya ajiye ɗinkin mutane, ya yanka riguna uku daga yadi ɗaya.

Ta maigidan da ta matar suna rataye an goge su. Ta yaron ce a kan keke.

"Aljihu nawa za ka yi wa ɗan mutane?" in ji Goggo, yayarsa, wadda ke zura masa zare tun da idonsa ya fara gardama. "Riga ce ko jakar makaranta?"

"Ke me kika sani? Yaro sai da wurin ɓoye duwatsu."

"Kai dai har kwaɗo ka taɓa sa wa a naka."

Wayar ta yi ƙara a hannunsa, ya miƙa wa 'yar. "Uwata, ga yarenku nan."

Matar gidan ce ta rubuto. Ta ce sun gyara mata ɗaki, mai taga ta wajen lambu. Ɗakin ɗansu ne. Ya rasu shekara biyu da suka wuce. Hoton shi ne na ƙarshe da suke tare, kuma ta kasa aiko wani. Ta ga ya fi kyau ta faɗa yanzu, kafin baƙuwa ta iso ta tambayi ina yaron.

'Yar ta karanta sau biyu, ta kife wayar a cinyarta. Keken ya ci gaba da sukuwa.

"Me suka ce?" Baba ya tambaya.

"Sun gyara ɗaki."

"Madalla."

Ta zauna tana kallon ƙeyarsa. Tana iya yin shiru, ta karɓi rigar, ta bar ta a wani wuri a hanya. Amma ta san shi. Duk ranar da ta kira gida sai ya tambaya ko ta zauna wa yaron, ko hannun bai yi tsawo ba, ya ce a turo hoto. Shekara guda tana ƙarya. Tunanin kaɗai ya gajiyar da ita.

"Baba, akwatin fa ya cika. An ƙayyade nauyi. Ko a bar ta yaron?"

Goggo ta ɗago. "Rigar da ba ta kai nauyin wayarki ba? Cire takalmi ɗaya cikin biyar ɗin nan, 'yar nan."

"Ba haka ba ne."

Baba ya ɗauke ƙafa daga keken. Shagon ya yi tsit, sai injin mai walda na maƙwabta. Ta faɗa masa yadda aka rubuta, ba ta rage komai ba.

Goggo ta yi salati, ta ajiye allura.

Baba ya daɗe yana duban rigar. Saura kalmasar ƙasa, ba ta fi taƙi ɗaya ba. Ya mayar da ƙafarsa ya ƙarasa ta, ya yanke zaren, ya jona dutsen guga.

"Wa za ka ba wa?" Goggo ta tambaya a hankali.

Ya goge rigar, ya ninke, ya naɗe ta a takarda.

"Sa a ƙasan akwati, Uwata. Kada ki fito da ita ranar da kika sauka. In wata rana matar da kanta ta ɗauko miki maganar yaron, ki ba ta. In ba ta ɗauko ba, ki dawo mini da abata."

"To, Baba."

Ya shafa idanunsa da bayan hannu, ya nuna bango. "Miƙo mini ta maigidan."

"Ai ka gama ta tun jiya," in ji 'yar.

Ya karɓa, ya juya cikinta waje, ya laluba aljihun tebur ya fito da reza.

"Shekara biyu," ya ce. "Mutumin ya rame."

Ya fara farke gefen.