Injin Motar Sayibu

Injin motar Sayibu ya buga a hanyar maƙabarta, da gawa a bayan motar. Ni na ɗaure injin nan da hannuna, kuma ina zaune a gaba lokacin da ya buga. Duk wanda ya ba ka labarin ta wata fuska daban, a teburin mai shayi ya ji.

Sunana Imurana, amma a unguwar Nima ta Accra Masta ake ce mini. Garejina yana bakin babbar kwata, ta ɓangaren Maamobi. Sayibu kuwa mutumin Tolon ne, daga arewa, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Motarsa tsohuwar akori-kura ce, wadda a nan muke kira pikop, fara ce a da, amma ta koma launin ƙasa. Ita ce gonarsa, ita ce shagonsa, ba shi da wani abu bayanta. Da ita yake ɗauko wa Maman, wani dillali ɗan Nijar, albasar da yake raba wa matan kasuwar Nima.

Lokacin da kasuwar albasa take cikin gari, motar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Da aka tashi kasuwar aka mayar da ita Kotoku, can bayan gari, sai hanya ta yi tsawo, ga hawa. In ya cika ta da buhuna, a hawan Pokuase sai ta riƙa nishi tana rarrafe, har masu sayar da ruwa a titi su wuce ta da ƙafa. In ya rage kaya, sawun bai biya ba. Maman ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa albasa ba ta jiran kowa, kuma akwai masu motocin da suka fi tasa.

Shi ne ya zo wurina yana son in ƙara wa injin ƙarfi. Na ce masa injin ƙarami ne, haka aka ƙera shi, ya bar shi ya tsufa da mutuncinsa. Bai tafi ba. Kullum sai ya zo ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ci wake da shinkafarsa a ganye, yana kallona.

"Masta, ashe dai tsoro kake ji," in ji shi wata rana. "Ni da aka ce mini kai ne mai sa matacciyar mota ta yi tari."

"Tari daban, gudu da kaya daban," na ce masa.

Amma na karɓi aikin, don na san ana iya yi, kuma na san in na ƙi, wajen wani zai kai ta a lalata masa.

Muka sauke injin, na warware shi kaf, na wanke da kananzir. Na ɗauki gangar injin na kai Abossey Okai wajen masu rarake silinda, na tsaya a kansu suka faɗaɗa ramukan har iyakar abin da ƙarfen zai iya ɗauka. Na samo fistan masu kauri da sababbin zobba. Murfin injin na sa aka kankare shi kaɗan don matsi ya ƙaru. Na cire tsohuwar kafireta na ɗora mai maƙogwaro biyu, na sa mai walda ya yi mata salansa mai faɗi. Ranar da na tayar da shi, masu ɗinki na makwabta sai da suka leƙo. Muryar motar ta canja gaba ɗaya, ta yi kauri, ba ƙara ko ɗaya da bai kamata ba. Aikin ya yi kyau. Har gobe ina faɗa.

Abu ɗaya ya rage. Injin da aka ƙara wa matsi ya fi ɗaukar zafi, lagireton motar kuwa tsohon ne, ƙarami. Na sa wani mai kayan gyara ya nemo mini babba, ya ce yana hanya.

Na kira Sayibu, na sa ya zo da matarsa Azara don ta zama shaida, saboda na san direbobi. Na ce sabon ɗauri a matse yake, zobban ba su zauna ba tukuna. Ba kaya, ba gudu, ba tsayuwa a cunkoso cikin rana. Ya riƙa zagaya da ita wayam da sanyin safiya har in canja baƙin mai, in sake ɗaure murfin, babban lagireto kuma ya iso. Na kuma gaya masa abin da ya fi komai: gangar nan an ci namanta har ƙarshe. Injin da ba a taɓa ba, in ya buga ana sake rarake shi. Wannan in ya buga, ya tafi ke nan.

Kuma Sayibu ya bi maganata, wannan sai na faɗa masa gaskiyarsa. Bayan sallar asuba zai tayar da ita, ya bi ta Kawukudi ya zagayo a hankali kamar mai koyon tuƙi, bayan motar babu ko buhu ɗaya. Samari suna yi masa dariya, suna tambaya ko iska ya fara dako. Maman yana ta aiko masa, yana ba shi haƙuri. Wata mai abinci ta roƙe shi ya ɗaukar mata buhunan gawayi daga bakin titi, ya ƙi, ta daina gaishe shi. Ya kusa cika wa'adin. Saura kaɗan.

Sai Baba Ziblim ya rasu.

Baba Ziblim shi ne maigidan Sayibu. Lokacin da Sayibu ya sauka Accra yana saurayi, bai san kowa ba, bai iya Hausa ba balle Twi, tsohon nan ne ya ba shi tabarma a zaurensa, ya ci da shi, ya haɗa shi da direban da ya koya masa mota. Shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar ɗaurin aurensa. A zango, unguwar baƙi irin tamu, irin wannan mutum ba a ce masa a'a yana raye, balle ya mutu.

Ya cika da hantsi, aka sa jana'iza bayan azahar. Masallacinmu yana da motar ɗaukar gawa, amma tun safe ta tafi Ashaiman da wata gawar, direban kuma ya ce ba zai dawo ba sai yamma. Dattawa suka ce ba za a ajiye tsoho ana jiran mota ba. Motar Sayibu tana tsaye a bakin lungu, an wanke ta fes, kowa ya ji muryarta kwana da kwanaki. Ba wanda ma ya roƙe shi. Nashiru, babban ɗan marigayin, kallonsa kawai ya yi, Sayibu ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli.

Na ja shi gefe bayan an idar da salla. Na ce gawa da mutum huɗu masu riƙe makara, wannan injin zai ɗauka, in aka bi a hankali. Fiye da haka ban yarda ba. Ya ce to.

Amma wanda ya san jana'izar zango ya san yadda take. Da aka ɗora makara, kafin in zagayo ta ɗaya gefen, bayan motar ya cika. Mutane sun zauna a kan bangon bodi hagu da dama, wasu sun tsaya a kan bamba suna riƙe da juna, wasu sun maƙale a ƙofa. Kowa yana neman ladan rakiya. Motar ta zauna har taya tana shafar bodi. Na kama rigar wani ƙato na ce ya sauka. Wani dattijo mai carbi ya riƙe mini hannu, ya ce, "Masta, a motar gawa ba a sauke mutum. Kai ma wata rana rakiyar nan za ka so."

Na dubi Sayibu. Motarsa ce, in ya yi magana wataƙila a ji. Ya buɗe baki, sai ya ga Nashiru a tsaye kusa da kan mahaifinsa, ya rufe. Ya shiga ya tayar. Na shiga gaba, ni a tsakiya, liman a bakin ƙofa, don in sa ido a kan allurar zafi.

Daga Nima zuwa maƙabartar Awudome ba nisa ba ne. Da hanya a buɗe take, da mun isa lafiya, har da kayan nan. Kuma da farko motar ta ja. Ta ja yadda ba ta taɓa ja ba, da mutanen da ko tirela sai ta ji su. Na ga Sayibu ya ɗan saki fuska, ya ce mini, "Ka ji ta, Masta?" Na ce na ji, ya dubi hanya.

A Circle, babbar mahaɗar nan mai gadar sama, muka shiga cunkoso. Masu babura da suka yi mana jagora suna ta oda, suna buga bodin trotro, motocin haya, a ba mu hanya, amma babu inda kowa zai matsa. Rana tana tsakar ka. Mu matsa taku biyu, mu tsaya. Kowane tashi sai ya taka totur sosai kafin nauyin ya motsa. Allura ta bar tsakiya ta fara hawa.

Na ce ya buɗe iskar zafi ta cikin mota don ta janye kaɗan, ya buɗe, liman ya fara share gumi da hularsa. Allura ba ta sauka ba. Da ta taɓa jan layi, na ji warin da na sani, warin baƙin mai yana dahuwa.

"Sayibu, gangara ka kashe ta. A sauke mutane, ta huce, sannan mu ƙarasa."

Ya sake taka totur.

"Da kai nake. In ka wuce nan, babu mota."

"Baba yana baya a cikin rana, Masta," in ji shi. "In tsaya da shi a tsakiyar Circle, gaban masu sayar da waya, ana kallonsa?"

Na juya wajen liman na ce ya sa baki. Liman ya ce gaggauta gawa shi ne sunna, amma shi bai san mota ba, mu biyu muka sani. Na kai hannu zan murɗe makullin da kaina. Sayibu ya kama wuyan hannuna ya riƙe, hawaye yana bin gemunsa. Ƙarfina ya fi nasa. Na bar shi.

Hanya ta buɗe bayan mun fita daga ƙarƙashin gada. Ya sa giya ya taka. Motar ta yi tafiya mai kyau har muka fara hango itatuwan maƙabarta, sai na ji ƙara a ƙarƙashin ƙafafuna kamar ana dukan tukunya da guduma. Tururi ya taso daga gaba ya rufe gilashi. Injin ya yi gum. Motar ta gangara da kanta ta tsaya a bakin titi.

Babu wanda ya tambayi abin da ya faru. Mutanen baya suka diro, suka ɗaga makara a kafaɗa, suka ci gaba da tafiya suna salati, suna karɓa-karɓa. Sayibu ya fito, bai ko waiwayi motar ba, ya kutsa ya karɓi ƙafa ɗaya ta makarar. Ni na tsaya. Ban ga binne Baba Ziblim ba. Na jira ƙarfen ya huce, na zaro sandar gwada mai, na ga man ya koma fari kamar koko. Ruwa ya shiga. Ban buƙaci kowa ya gaya mini sauran ba.

Washegari muka jawo ta gareji na buɗe. Fistan biyu sun narke sun manne, gangar kuma ta tsage daga rami zuwa rami, daidai inda ƙarfen ya fi siriri. Na kira Sayibu na nuna masa, ya sa yatsa a tsagin, ya daɗe yana shafawa. Ya tambaye ni ko walda za ta riƙe, na ce ba za ta riƙe ba. Na zagaya Abossey Okai lungu-lungu ina neman irin gangar, kowa ya ce an daina kawo ta tuntuni. Wadda aka samu ta wata mota ce, sai an canja har da akwatin giya, abin da ya fi ƙarfin Sayibu nesa ba kusa ba.

A wajen sadakar uku kowa yana yabonsa. An ce ɗan halak ne, ya san alheri, Allah ya ba shi lada. Nashiru ya rungume shi a gaban jama'a. Wasu kuma a gefe suna cewa ai aikin Masta ne bai yi ba, wane irin sabon inji ne zai kasa kai gawa Awudome. Na ji da kunnena. A cikin duk waɗanda suka hau motar ranar nan, babu wanda ya tako garejina ya tambayi halin da take ciki.

Maman ya ba wani aikin, kuma ban ga laifinsa ba. Motar ta zauna a gabana har tayoyinta suka sace, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Daga baya masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da wutar yanka, suka raba ta gida-gida. Sayibu bai zo ba, ya aiko a ce in tsaya a madadinsa.

Da damina ta kama, ya saki ɗakinsa na Nima. Azara da yara ya sa su a motar Tamale suka koma Tolon wajen danginta. Shi kuwa yana Kotoku, yana loda wa motocin wasu buhunan albasa a bayansa, da furfura a kansa, yana kwana a rumfar Maman.