Tarin Baba

Duk mai kallon tele a ƙasar nan ya san Tsoho Na-Ƙofa, maigadin nan mai tari na cikin fim. To, wanda yake fitowa a matsayinsa ƙanena ne, Zayyadu, uwa ɗaya uba ɗaya. Don Allah kada ku yi mini barka, na gaji da jin ta.

Ni sunana Siddiƙa, shinkafa da wake nake sayarwa a bakin tashar Arlit. Babanmu, Malam Halidu, tun yana saurayi ya taso daga Damagaram ya shiga ramin uraniyom, bai fito ba sai da ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya fito da shi tari ne. Tsofaffin rami da yawa suna tari, amma na Baba daban yake. Yakan fara a hankali, ya tsaya kamar ya wuce, sai ya dawo da ƙarfi, ƙirjin ya yi wani siririn fito. Sannan ya buga ƙirji da yatsu biyu ya ce, "To, mun gode." Wa yake yi wa godiyar, oho.

Shi kuwa Zayyadu tun yana ƙarami ɗan kwaikwayo ne. In yana sauraron mutum sai ka ga maƙogwaronsa yana motsi, leɓɓansa suna bi. Kafin mutum ya bar wurin ya kwashe shi tas, murya da tafiya da komai. Ya sha duka a kan haka, bai bari ba. Da ya girma ya hau mota ya tafi Yamai wai zai zama ɗan fim. Shekaru yana can yana fama. Yau jandarma ne a tsaye ba ya cewa uffan, gobe gawa ce a lulluɓe. Akwai fim ɗin da muka taru gida guda don mu gan shi, ƙeyarsa kawai muka gani.

Sai aka ba shi maigadi a wani fim mai dogon zango. Daga baya ya gaya mini cewa mai shirya fim ɗin ya ce masa tsohon nan ba shi da gishiri, ya nemo masa wani abu ko a ba wani. Ya nemo kuwa.

Ina cikin zuba wa shoferori abinci aka kunna telen mai shayi da ke gefena. Na ji tari, na waiwaya da sauri ina cewa me ya fito da Baba cikin ranar nan. Ashe ƙanena ne da gemun auduga. Ya tsaya, ya dawo da ƙarfi, ya yi fiton, ya buga ƙirji da yatsu biyu. "To, mun gode." Rumfa ta kwashe da dariya har wani ya ƙware da shayi. Ni kuwa, wallahi, ji na yi kamar an kwance mini zane a tsakiyar tasha.

Kafin ka ce me, tarin ya cika gari. 'Yan kabu-kabu suka sa shi a waya, in an kira su sai aljihu ya hau tari. Mata a wurin biki in an miƙo musu kwano sai su buga ƙirji su ce mun gode. Arlit kuma ba ta da girman da za a rasa sanin mai tarin na ainihi.

Abin da ya ƙarasa mu zaman makokin Ismaghil ne, abokin Baba na rami, wanda shi ma ƙirji ne ya tafi da shi. Ana tsakiyar addu'a tari ya kama Baba. Ya yi ya yi ya danne, ya kasa. Da fiton ya fito, sai wasu samari a baya suka fashe, wani mara kunya har ya riga shi cewa, "To, mun gode." Baba ya shafa fatiha, ya nemi takalmansa, ya dawo gida. Daga ranar bai sake taka ƙofar gida ba. Ya bar rumfar da tsofaffin rami suke shan shayi, ya bar masallaci, har Juma'a. Mutumin da ko ciwo ba ya hana shi sahun gaba! Bai kuma taɓa ambaton Zayyadu da mugun baki ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ana nan sai aka fara shela a rediyo cewa Tsoho Na-Ƙofa zai zo mahaifarsa ya yi wasa a gidan matasa. A tasha na tare shi, yana saukowa da baƙin tabarau, mutane sun yanyame shi. Na ja hannun rigarsa zuwa bayan rumfata.

"Yaya, lafiya? Ko sannu da hanya babu?"

"Babu. Ka san ubanka ya daina fita?"

Ya yi 'yar dariya. "Haba Yaya, wasa ne fa. Ni tsofaffin rami nake girmamawa, don duniya ta san wahalar da suka sha."

"Girmamawar gidanku! A makokin Ismaghil aka yi masa dariya, ana addu'a."

Na ba shi labari tun daga farko. Ya cire tabarau. Ya ce zango na biyu za a fara ɗauka, kuma ba don tarin nan ba da har yanzu gawa yake fitowa. Na ce wannan shi ta shafa, ni so nake Baba ya koma masallaci. Sai ya rantse mini yau zai kashe tarin a gaban kowa.

Bayan la'asar na rufe tukunya na tafi gidan matasa, na tsaya can baya cikin mata. Zayyadu ya fito ba gemu, ba sandar maigadi. Ya riƙe abin magana ya ce, "Jama'a, tarin nan na mahaifina ne, ciwo ne, ba abin dariya ba ne. Daga yau na bar shi."

Suka ɗauka sabon salo ne. Wani ya yi ihu, "Yi mana, Tsoho!" Ya girgiza kai. Sai wani ya yi masa tarin. Na kusa da shi ya karɓa. Kafin in ankara fili duka ya ɗauka, maza da mata, sun tsaya tare, sun dawo tare, sun yi fiton, suka buga ƙirji: "To, mun gode!" Suka tafa wa kansu. Zayyadu yana tsaye a kan dandamali baki buɗe. Na ja mayafi na rufe fuska, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin magariba ya iso gida shi kaɗai. Ya tuɓe takalmi a bakin ɗakin Baba, ya shiga ya durƙusa. Ina tsaye a ƙofa.

"Baba, na same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Zayyadu. Ya hanya? Ya mutanen Yamai?"

Baba ya gaishe shi tsaf, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya sa masa albarka. Amma ina lura da shi. Maganarsa gajere-gajere take fita, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya damƙe bakin tabarma da hannu. Tari ne ya taso masa, yake riƙe da shi. Idanunsa suka kawo ruwa.

Zayyadu ya fara, "Baba, na zo ne in roƙi gafara, ban san abin zai..."

Baba ya ɗaga masa hannu. Da ƙyar ya samu numfashin magana.

"Na yafe maka. Tashi ka ɗan fita, ina so in yi tari."

Zayyadu ya fito kamar wanda aka zare wa laka. Baba ya miƙa hannu ya turo ƙofa. Muka tsaya a tsakar gida ni da shi, ba mai kallon wani.

Sai tarin ya ɓarke. Ya canza tun bayan tafiyar Zayyadu, ya yi zurfi, yanzu akwai wani kurman gurnani a ƙarƙashin fiton. Muka jira "mun gode", ba ta zo ba. Na juya in ce masa ka ji abin da ka jawo, sai na ga maƙogwaronsa yana motsi, leɓɓansa suna bin sabon tarin a hankali. Ya ga na gani. Ya sa hannu biyu ya toshe bakinsa.