Kwanon Mahaman da Nafisa

A gidan Mahaman masunci, bakin tafkin Madarumfa, yara kwano ɗaya suke ci, kuma wannan kwanon ne ya rufa wa cutar Nafisa asiri. Hannu biyar na kai da komo, wa zai lura ɗaya yana komowa wayam? Tun da 'yan ajinsu suka sa mata suna Buhu ta ɗauki gaba da abinci. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a makaranta aka farga.

Lokotoron asibitin Maraɗi bai ɓoye musu komai ba. Abinci a kan lokaci, safe, rana da yamma, wani babba na zaune da ita, ba lallashi, ba faɗa. In nauyinta ya ƙara sauka, gado za a ba ta.

Atika, uwarta, ta gwada. Loma ɗaya, roƙo goma, daga nan sai kuka.

Mahaman ya ce, "Bar mini ita."

Ya ɗauke kwanonsa daga ciyayyar ƙofar gida ya shigo ciki. Abokai kuwa suka samu abin yi. Hamisu mai faci ya ce, "Mahaman ya koma cin tuwo da mata, saura zane!" Ko a jikinsa. Mutumin da ya saba zaman jiran kifi, tsiyar Hamisu ba ta ɗaga shi.

Amma ya yi kuskure irin na manya. Ya ci kaɗan, ya tsame hannu, ya bar wa yarinya saura kamar yadda kowane uba yake yi. Kwanon ya dawo fes, ya ji daɗi. Agwagin gidan ma sun ji daɗi, har suka fara bin Nafisa duk inda ta nufa. Da ya gane su take zuba wa tuwon, ransa ya ɓaci, amma da kansa ya yi fushin.

Daga ranar ya daina tashi. Ya ja layi da yatsa a tsakiyar tuwo.

"Wanga nawa, wanga naki. Ni ba ni sauri."

"Baba, na ƙoshi."

"Na jiya. Ina nan."

Wani lokaci tuwon ya huce har ya yi ɓawo. Wata rana ta ture kwanon ta ce ta tsane shi. Ya ji zafin maganar sosai, ya gyara zama, ya ci gaba da ba ta labarin ƙatuwar tarwaɗar da ta tsinke masa raga. Nauyin bai hau da sauri ba, amma bai sauka ba.

Wata Laraba yana ɗinkin raga a tsakar gida, Atika ba ta ma sauke tukunya ba, Nafisa ta shigo ta jefar da jakar makaranta.

"Inna, mi anka dahwa? Yunwa nika ji."

Atika ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa. Mahaman ya girgiza mata kai. Ya sunkuya kan ragarsa, ya kasa ganin zaren.

"Ɗauko tabarma," ya ce. "Ni ma ita nika ji."